Hannuwan da Na Ɗaure

Trikania, Kaduna
Ranar Laraba

Zuwa ga autata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ya tsare ki a garin da ba ki da uwa ba ki da uba, ya kare ki daga sanyin wurin, da mugayen ƙawaye, da direbobi marasa hankali. Mu nan lafiya lau, sai godiya.

Kin san ba ni na riƙe biro ba. Malam Sule ne, tsohon akawunmu na masaƙa, ya hawo acaɓa tun daga Tudun Wada, ga shi zaune a benci ƙarƙashin mangwaro, ina faɗa yana rubutawa. Na ce masa abin da ya fito daga bakina shi zai sa, kada ya yi mini kwalliya. Ya ce ya yarda, amma ban da zagi. Mun daidaita a haka. Waya kuwa ki daina kira, abin da nake ji a cikinta kamar ƙudan zuma ne a cikin tulu, sai in yi ta cewa i, i, ban san me na amsa ba.

Zan fara da fushina, don kada ki ɗauka ya wuce. Kin ɗauki fom ɗin jami'a kin kai wa kawunki Yakubu ya sa hannu a wurin da aka ce uba. Yakubu! Mutumin da bai taɓa sanin ajin da kike ba. Ni ina raye, babban yatsana yana nan, tawadar dangwale ba ta ƙare a duniya ba. Na san za ki ce kin kawo mini sau uku ina turewa. Haka ne. Sai ki kawo na huɗu.

Ranar da kika tafi ban fito ba, na sani. Ina ɗaki ina leƙenki ta gefen labule. Na ga yayanki Iliya ya ɗora jakarki a ka, na ga kin tsaya a bakin ƙofa kina jira, kina gyara ɗankwalin da ba abin da ya same shi. Ƙafata ta so fitowa, ni na hana ta.

Na faɗa wa mutanen coci cewa karatun ne ban so. Rabin gaskiya ke nan. Ragowar ita ce wannan: yayanki kurma ne, ni ban san maganar hannunsa ba, ke ce bakinsa a wurina, ke ce kuma bakina a wurinsa. Da kika tafi, ni da ɗan da na haifa ba mu da hanyar ko da ina kwana. Shekaru sun ja, Auta. Tsorona shi ne in mutu ban taɓa yin magana da Iliya ba sai ta bakin wani. Abin da ya sa na tare miki hanya ke nan, shi ne kuma ya sa na kira Malam Sule yau.

Karatun nan naki na sha'anin nakasassu har yanzu ban gane kansa ba. Na tambaye ki, likita za ki zama? Kika ce a'a. Malama? A'a. Lauya? A'a, amma za ku taɓa doka. Kika ce akwai tarihi a ciki, akwai lafiya, akwai yadda ake gina makaranta da asibiti don mai keken guragu ya shiga da kansa, ba sai an ɗauke shi kamar buhun masara ba. Akwai maganar hannu, akwai har yadda coci da masallaci suke kallon nakasasshe. Na ce to wannan ai gwate ne, an zuba acca, an zuba yakuwa, an zuba gauta. Kika ce, "Baba, ai gwaten kake sha kullum, bai kashe ka ba." Na yi kamar ban ji ba. Na ji sarai, ranar kunnen hagu yana aiki.

Ba ni da ilimin da zan ƙara miki a kan na malamanku. Abin da nake da shi kurakuraina ne, su kuwa ina da su da yawa. Bari in ba ki su, ko za su yi miki amfanin da ba su yi mini ba.

Lokacin muna masaƙa an buɗe ajin manya bayan tashi daga aiki, a koyi karatu da rubutu. Malam Sulen nan shi ke koyarwa. Na je kwana biyu. A rana ta biyu ya ce in tashi in karanta abin da ke allo, na kira wani baƙi da sunan wani, sai wani ɗan Binuwai da muke layi ɗaya ya tuntsire da dariya. Ban sake taka ajin ba. Dariyar mutum ɗaya, wanda ma ya rasu tuntuni, ita ta sa yau sai na dafa wa akawu shayi kafin in yi wa 'yata magana. Malam Sule ya ce in ƙara da cewa shi bai yi dariya ba. Ya yi. Na ga gemunsa yana rawa.

Ke ma za ki zauna da 'ya'yan manya masu Turancin hanci. In malami ya faɗi abin da ba ki gane ba, ɗaga hannu ki tambaya. A yi dariyar. Kafin a fita aji sun manta, ke kuwa kin tafi da abinki.

Ba ki san Kakuri unguwar masaƙu ba, Auta, gawarta kika tarar. Da safe in jiniya ta busa, titi cika yake da kekuna har ba wurin sa ƙafa. Masu ƙosai da masu koko a bakin get, hayaƙi na tashi, kowa da kwanon abincinsa ɗaure a kariyar kekensa. Mutanen Filato, mutanen Binuwai, Katsinawa, da mu 'yan kudancin Kaduna, layi ɗaya, inji ɗaya. Da Kirsimeti Malam Sule ne ke fara buɗe tukunyar shinkafar uwarki, da Sallah kuma cinyar rago ke zuwa gidan nan. Ba wanda ke tunanin wace unguwa ce ta wa. Yanzu Malam Sule tun da ya zauna yake duba agogo, wai zai koma unguwarsu da sauran rana. Da soja suka koma bariki mun yi murna, muka tsaya cikin rana muka dangwala. 'Yan siyasa suka zo suka manna fosta a bangon masaƙa, suka ce injuna za su sake tashi. Yau fosta a kan fosta, ciyawar ciki kuwa ta fi ni tsawo. Wannan fushin daban ne, ba naki ba ne, bari in wuce.

A ɗakin saƙa injuna ne jere suna bugawa lokaci ɗaya, ƙasa ma rawa take. Ko ka sa baki a kunnen mutum ba zai ji ka ba, ga shi duk mun toshe kunnuwa da auduga. Saboda haka da hannu muke magana. In ka ja kunnenka, foman na tafe. In ka haɗa yatsu biyu ka raba su, zare ya tsinke. In ka shafa ciki, lokacin abinci ya yi. Daga nan abin ya yi ta girma, har gulma muna yi, har tsiya, har labarin ƙwallo. Ni na fi kowa iyawa. Daga wannan bango nakan ba mutumin wancan bango labarin yadda matarsa ta zo get tana nemansa, da kalar zanen da ta ɗaura. Rediyo ake ce mini. Shekara ashirin da takwas ina wannan, kuma in gaya miki gaskiya ban taɓa jin daɗin hira a rayuwata kamar a ɗakin nan ba.

Amma kunyar abin muke ji. Da mun fito get, hannu ya koma aljihu. 'Yan ofis birai suke ce mana. Akwai tsofaffin ma'aikata da abin ya bi su har gida, suna yi wa matansu nuni maimakon magana, mukan dube su mu ce inji ya cinye musu baki. Na yi wa kaina alkawari ba zan zama haka ba, gidana ma ba zai zama haka ba. Riƙe wannan, don daga nan ɓarnar ta fito.

Iliya da kunnensa da bakinsa aka haife shi. Yana shekara uku sanƙarau ya kama shi a lokacin zafi. Ya tashi, amma kunne ya tafi. Kafin ciwon yana cewa Baba, yana cewa ruwa, yana cewa keke. In na dawo aiki sai ya rugo, "Baba, keke!" in ɗora shi a gaba mu zaga har bakin layin dogo mu dawo. Bayan ciwon kalmomin suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya, ya fara nuni. Ranar da na ga ya dunƙule hannu ya kai baki yana neman ruwa, daidai yadda muke yi a ɗakin saƙa, ba wanda ya koya masa, sai na tuna alkawarin da na yi wa kaina. Na ce a raina maganar tana nan a cikinsa, hannun ne ya tare mata hanya kamar yadda ya tare wa tsofaffin can. In an hana hannun, dole bakin ya buɗe.

Rubuta, Malam Sule, ka daina kallona.

Na ɗauko yankin akoko, irin ragowar yadin da muke kawowa gida, na riƙa ɗaure masa hannuwa ta baya a lokacin cin abinci. In riƙe kofi a gabansa in ce, "Ce ruwa." Ba dukansa nake ba. Har gani nake tausayi na yi da na zaɓi yadi mai laushi. Yana kallon bakina yana motsa nasa, wani lokaci wani sauti ya fito, sai in ce, kun gani ko? Uwarki, Allah ya ba ta hutawa, ta ce, "Baban Iliya, kai da hannun nan kake magana a inda kake samo mana abinci, shi kuma ka hana shi?" Na ce wancan aiki ne, nan gida ne, ɗana ba biri ba ne. Kusan shekara biyu ina wannan. Ruwan bai faɗa ba. Abin da ya koya kawai shi ne in ya hango kekena daga nesa ya cusa hannuwansa cikin riga.

Kin san labarin a gutsure, na sani uwarki ta taɓa miki. Yau kin ji shi daga bakin mai laifin. Ga abin da nake so ki ɗauka. Ni ba maƙiyin Iliya ba ne, duk Trikania ba wanda ya kai ni sonsa. Son ne ya haɗu da tabbacin cewa na san magani. Ke za ki fito da takarda, za a riƙa tashi ana ba ki kujera, ana cewa ga wadda ta karanta abin. Duk ranar da kika ji kin tabbata kin san abin da ya dace da wani makaho ko gurgu ko kurma, ki tsaya nan, ki tambayi mai jikin tukuna. Ni ban taɓa tambayar yaron me yake so ba, alhali duk unguwar nan ni kaɗai ne hannuna ya iya tambaya.

Akwai kuma wani fasto da muka yi a lokacin, ba zan kira sunansa ba, Malam Sule ya ce ban da zagi. Ya tsaya a gaban jama'a ya ce irin wannan ciwo ba ya shiga gida sai akwai zunubin da ba a tuba ba. Bai ambaci kowa ba, amma rabin coci ya waiwayo. Har gobe ban yafe masa ba, Allah ya sani. Sai dai me na yi? Shi ban ce masa komai ba, Iliya na daina kaiwa coci. Da wata baiwar Allah ta zo gida ta ce akwai makarantar kurame, a kai shi tun yana ƙarami, na ce ba zan kai ɗana inda za a ƙara koya masa abin da nake hana shi ba, na raka ta har bakin titi ba don girmamawa ba. Uwarki ce, da ya kai shekara goma sha uku, ta riƙa fita da shi wai yana taya ta zama a kasuwa, ashe wurin wani kurma mai ɗinkin takalmi take ajiye shi. A can ya koyi sana'a, a can ya koyi maganar hannu ta gaske, irin tasu, a can ya sami mutane. Na sani tun satin farko. Na yi shiru, don in na yi magana sai na yarda ta fi ni gaskiya.

Za a wulaƙanta ki a kan karatun nan. Wani zai ce duk kwasakwasan duniya ba ki ga na yi ba sai na guragu. Ni ma na faɗa. In abin ya yi miki zafi, ki mayar wa wanda ya faɗa, ko ki haɗiye. Kada ki juya ki huce a kan wanda ba shi da ƙarfin ramawa.

Yanzu saura naki laifin, don ke ma kina da shi.

An haife ki Iliya yana shekara tara. Shi ya goye ki, hannu kika fara iyawa kafin baki. Tun kina 'yar mitsitsiya aka mai da ke tafinta, "Rifkatu, ce masa ya ɗebo ruwa," "Rifkatu, me yake cewa?" Kin tuna ranar da ya zo ya ce zai yi aure ya koma unguwar Romi? Muna zaune a nan tsakar gida da yamma. Hannunsa yana saran iska, fuskarsa a haɗe, ya nuna ni, sannan ya kai hannuwansa biyu baya ya haɗa su. Na ce, "Me ya ce?" Kika ce, "Ya ce yana neman albarkarka, Baba." Auta, ni ne fa Rediyo. Ban san yarenku ba, amma na san hannun da ke neman albarka, na san hannun da ke tuhuma. Zuciya ta ɗebe ni na ce, "Gaya masa ya tafi, dama ban taɓa ganin amfaninsa ba." Ban san me kika mayar masa ba, sai gani na yi ya durƙusa yana godiya.

Kina yarinya kika zauna tsakanin maza biyu kina wanke maganarsu kafin ki miƙa. Don zaman lafiya kika yi, na sani, kuma ni na ɗora miki kayan. Amma da kin ba ni maganarsa yadda take, da mun yi faɗa ranar, wataƙila da tuni mun gama. Sai ga shi shekara da shekaru muna gaisawa lafiya lau a kan abin da ba mu faɗa ba. Ban ɗora miki laifi ba. To, na ɗora kaɗan. In aikinki ya kai ki tsayawa tsakanin kurma da likita, ko kurma da alƙali, ki kai maganar da zafinta. Fushin mutum ma kayansa ne, ba ki da ikon ki ɓoye masa shi.

Sai kuma abin da ya same ni, wanda kika gani da idonki. Injunan nan sun tsaya, amma ƙararsu ba ta fita daga kaina ba, ita ta ci kunnen dama, tana cin na hagu. A majalisa yanzu sai na ga an yi dariya nake yi, a makare. A coci bakin fasto nake kallo. Kin tuna da kika kai ni asibiti bara? Likitan nan, sa'an Iliya, ya dube ki ya ce ki tambaye ni tun yaushe. Ina zaune a gabansa da hulata da furfurata. Kuka yi ta magana a kaina kamar ana cinikin akuya. Na buga tebur na ce, "Likita, kunnen nawa ne, ba nata ba!" Kika ji kunya, kika ba shi haƙuri. A bas muna dawowa na yi shiru, kika ɗauka fushi nake da ke. Ba haka ba ne. Tunawa na yi cewa tun da kika yi wayo ban taɓa kallon fuskar Iliya ba in ina masa magana. Ke nake kallo. Abin da likitan ya yi mini na minti goma har na buga tebur, shi na yi wa ɗana shekara da shekaru, shi kuwa bai buga komai ba.

Saboda haka duk wanda ya zo gabanki, ko da mutum goma suka rako shi, shi za ki kalla. Ban sani ba ko wannan yana cikin littattafanku. In babu, ki gaya wa malaminku wani tsoho a Trikania ya ce a sa.

To, ga abin da ya faru bayan tafiyarki. Sati uku Iliya bai zo ba. Ban ga laifinsa ba, ya zo ya ce me, da wa? Matarsa takan aiko da abinci ran Lahadi, in ci, in mayar da kwano. Na ga in na bar abin haka, haka zai tafi har ranar da za a kira shi ɗaukar gawa. Shekaranjiya Litinin da hantsi na sa rigata na hau bas zuwa Romi. Ban gaya wa kowa ba.

Ban taɓa zuwa shagonsa ba, ko hanyar ban sani ba. Na tambayi wata mai tumatir ina kurma mai takalmi yake. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Oga Iliya kake nufi? Ga shi can kusa da mai walda." Oga, Auta. Na maimaita a raina har na isa.

Na tarar da shi da abokansa biyu, su ma kurame, hira ta yi daɗi, hannuwa na tashi, ɗaya har yana riƙe ciki don dariya. Na tsaya daga nesa kaɗan ina kallo. Rabona da ganin irin wannan hira tun ɗakin saƙa. Da ya gan ni sai komai ya tsaya. Ya miƙe, ya leƙa bayana yana neman wanda ya rako ni. Ya leƙa dama, ya leƙa hagu. Ba kowa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya share benci da tsumma ya nuna mini.

Na zauna. Tun a bas na shirya abin da zan yi da hannuna, amma da na zauna sai suka mutu a kan gwiwa kamar ba nawa ba. Shi ma ya koma kan aikinsa, yana huda fata yana jan zare. Mun fi rabin awa a haka. Ina kallon hannuwansa, manya, duk kanta, ba su ɓata motsi ko ɗaya. Na ce a raina to, na zo, na gani, bari in tashi kafin in zama abin kallo.

Ina shirin miƙewa sai na ga ƙafata yake kallo. Tsohon sandal ɗina ne, maɗaurin ya tsinke na ɗaure shi da waya. Ya girgiza kai kamar yadda uwarki take yi. Ya ajiye aikinsa, ya durƙusa, ya cire mini su ba tare da neman izini ba, ya jefa cikin kwandon shara. Na buɗe baki zan yi masifa, na tuna ba mai ji. Ya jawo kwali ya ɗora ƙafata a kai, ya riƙe idon sawuna da hannu ɗaya, ya zagaye ta da biro. Ya yi wa ɗayar ma haka. Ya tsaya a kan yatsan nan nawa da ya karkace, ya danna shi a hankali, ya ɗago ya dube ni, wato da zafi? Na gyaɗa kai. Ya ƙara faɗin layin a wurin.

Da ya gama ya ba ni wasu silifa. Sannan ya tsaya a gabana, ya ɗaga yatsu uku, ya kwantar da kumatunsa a tafin hannu, ya nuna ni, ya nuna bencin.

Na gane, Auta. Ba ke, ba kowa. Kwana uku, ka dawo nan.

Sai na ɗaga nawa yatsun uku. Na kwantar da kumatuna a tafin hannu, a bakin titin Romi, da rana tsaka, mutane na wucewa, mai walda ya ɗage gilashinsa yana kallo. Na nuna ƙirjina, na nuna bencin. Iliya bai yi murmushi ba. Ya matso ya kama hannuna, ya lanƙwasa wannan yatsa ya miƙar da wancan, ashe ba haka suke yin ukunsu ba. Ya sa na sake. Na sake. Ya sa na sake kuma, kamar foman. Sai abokan nasa suka ɗaga hannuwa sama suna karkaɗawa. Ban sani ba ko yabo ne ko tsiya. Ki faɗa mini a amsarki, yadda yake.

Ban ce mun shirya ba, kada ki yi saurin murna. Maganar da ke tsakanina da shi tana nan ba a taɓa ta ba. Ban san yadda ake faɗinta da hannu ba tukuna, kuma ba ke za ki faɗa a madadina ba. A wurinsa zan koya, in ya yarda ya koya wa tsoho mai taurin kai. In ya ƙi, ya yi daidai, sai in ci gaba da zama a bencin har ya gaji.

Don haka ki zauna ki yi karatunki. Kada ki dawo saboda ni kafin hutu, ko wani ya ce miki ba ni da lafiya ki tambaya da kyau tukuna. Ki ci abinci, ki je coci, ki sa rigar sanyi. Albarkar da kika tsaya jira a bakin ƙofa ban fito na ba ki ba, ga ta nan, na sa miki ita duka, ban rage komai ba.

Ubangiji ya buɗe miki kai, ya ba ki malamai masu haƙuri, ya tsare fitarki da shigarki, ya dawo mana da ke lafiya. Ya sa waɗanda za ki yi wa aiki su yi farin ciki da ganinki. Amin.

Ni ma ki sa ni a addu'a, gobe ne kwana ukun. Silifan nan sun yi mini yawa, dole in je.

Ni ne mahaifinki,
Danladi